Mai ba da labarin ma ji ya yi: sharhi kan littattafan almara da ba sa fada maka komai

Akwai wata gardama da ta ki ci ta ki cinyewa tsakanin samarinmu na Kumasi masu bin labaran almara na Turawa, tun daga majalisun ataya na Aboabo da Asawase har cikin gurup din WhatsApp na 'yan makaranta, kuma kusan kullum hanya daya take bi. Wanda ya kalli fim zai zo da karfin gwiwarsa saboda shi da idonsa ya gani, wanda ya karanta littafi yace ba haka bane, sai ace masa toh fada mana yadda yake, sai ya kama sosa keya yace ai littafin ma bai yanke ba. Daga nan sai a kwashe da dariya, ace to meye amfanin shafi dari bakwai da ka zauna ka cinye. Ni kuwa a ganina mai littafin ne ke da gaskiya, matsalarsa kawai bai iya bayanin dalilin ba.

Mu dauki misalin da aka fi yin rigima a kansa. A shirin House of the Dragon da ya fara fita a 2022, an nuna gobarar da ta tashi a fadar Harrenhal ta kashe Lyonel Strong da dansa Harwin, kuma an nuna mana karara cewa Larys, dan gidan, shi ya tura aka cinna wutar ya kashe ubansa da wansa. Magana ta kare a wurin mai kallo. Amma a littafin da aka dauko labarin daga ciki, Fire and Blood na George R. R. Martin da ya fito a 2018, abin da za ka samu jerin zargi ne. Wasu sunce hatsari ne kawai, wasu sunce la'anar gidan ce, wani ya nuna Corlys Velaryon, wani babban basarake, wani ya nuna Daemon kanin sarki, an ambaci Larys din, har shi kansa sarki Viserys an sa sunansa a ciki. Kowanne da dalilinsa mai kama hankali. Sannan littafin ya wuce abinsa ya barka a tsaye.

Dalili shine Martin bai rubuta littafin da bakinsa ba. Ya kirkiri wani malamin tarihi na cikin duniyar labarin, Gyldayn, ya mika masa alkalami, kuma shi Gyldayn din bai ga yakin gadon sarauta tsakanin 'ya'yan Viserys, Rhaenyra da kaninta Aegon, da yake ba da labari ba, ya zo ne fiye da shekara dari bayan an gama. Abin da ke gabansa tsofaffin takardu ne na mutanen da kowannensu ke da tasa. Akwai Eustace, malamin addini na fada, wanda zuciyarsa ke tare da bangaren Aegon, don haka duk abin da zai bata Rhaenyra baya wuce shi. Akwai Mushroom, wawan sarki, wanda manya ke magana a gabansa ba tare da sun damu ba saboda sun dauka bashi da hankali, shi ya sa ya ji abubuwan da ba wanda ya ji, amma kuma mutum ne mai son batsa da zuzuta kansa, duk labarin da ya bayar sai ka tarar shi ne a tsakiya. Akwai kuma Munkun, wanda ya fi su tsari da kamala, sai dai mafi yawan abin da ya sani game da sirrin fada ya samo shi ne daga bayanin Orwyle, babban malamin fada, wanda ya rubuta nasa yana kurkuku yana jiran a kashe shi, kaga kuwa mai jiran takobi ba zai rubuta abin da zai kara masa laifi ba. Kamar dai a yi rikici a gidan biki ne a Zango, ka ji daga bakin dangin ango, ka ji daga dangin amarya, sannan ka ji daga mai kidan da aka dauko wanda shi burinsa labarin ya yi dadi. Ba wanda zaka ce duk karya yake, ba kuma wanda zaka rantse a kan maganarsa.

To abin da karatun littafin ke nema a wurinka shine ka rika tambaya a kowane layi: waye ya fadi wannan, ina yake lokacin da abin ya faru, me zai samu in an yarda da shi. Wanda ya karanta da wannan idon zai ga wasu wuraren marubucin ya bar masa alama, wato in Eustace mai kin Rhaenyra ya fadi alheri a kanta to wannan maganar tana da nauyi, in Mushroom ya fadi abin da bai kara masa girma ba kuma ba batsa a ciki to a saurare shi.

Abin mamakin shine mu da muka tashi a makarantar allo da ta ilimi bai kamata wannan ya zama bako a wurinmu ba. Ba ina hada littafin addini da tatsuniyar dodanni bane, a fahimce ni, tsarin rubutun tarihi nake magana. Dabari, wanda ya rasu a shekara ta 923, ya fada tun a gabatarwar babban littafinsa na tarihi cewa shi yana kawo abin da aka ruwaito masa ne, in mai karatu ya ci karo da abin da hankali bai dauka ba to ya sani daga mai ruwayar ne ba daga shi ba. Shi ya sa zaka ga ya jero ruwaya biyu uku masu karo da juna kan abu daya ya bar su haka. Ibn Khaldun kuma a Mukaddima ya zo ya kama masu tarihi da laifin hadiye duk abin da aka basu, har ya dauki adadin mayaka dubu 600 da ake cewa Bani Isra'ila na da su ya auna shi da girman fili da yawan zuri'a yace abin ba zai yiwu ba. Gyldayn na Martin a tsakanin wadannan biyun yake yawo, wani lokaci ya jero ya yi shiru, wani lokaci ya sa baki yace wannan kam bai yarda ba. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san yadda ake rufe mas'ala mai sabani da Allahu a'alamu ba tare da kowa yace malam bai yi karatu ba.

A adabinmu ma haka. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, Alhaji Imam ne ke ba da labarin kansa da bakinsa, duk abin da muka sani game da Malam Zurke dan Muhamman daga bakin abokin gabarsa muka ji shi, bamu taba jin yadda Zurke zai ba da labarin ba. Masu tatsuniya kuwa tun fil azal suna wanke hannunsu a karshe da cewa ba don gizo ba da sun yi karya, makwabtanmu Asante su kuma tun a farkon labarin Ananse suke sanar da kai cewa kar ka rike su da gaskiyar abin da zasu fada.

Amma wanda ya kai wannan dabarar inda ta fi ban sha'awa marubucin Ingila J. R. R. Tolkien ne, kuma a nan nake so in dan dade. Shi ma cewa ya yi ba shi ya kirkiri labaransa ba, wai fassara ya yi daga wani tsohon Jan Littafi da jaruman labaran suka rubuta, Bilbo ya fara, Frodo ya ci gaba, Sam ya karasa, aka yi ta kwafarsa hannu zuwa hannu. Mutum zai dauka ado ne kawai, sai ga ranar da abin ya yi masa rana. A bugun farko na The Hobbit na 1937, Gollum, wata halitta da ke zaune a kogon karkashin dutse, da kansa ya yi alkawarin zai ba Bilbo kyauta in ya ci gasar kacici-kacici, kyautar kuwa wani zoben tsafi ne, da ya je ya duba bai ganta ba sai ya yi ta ba da hakuri, ya raka Bilbo ya nuna masa hanyar fita, suka rabu lafiya. Wannan ya yi daidai a lokacin, don zoben a 1937 zoben bacewa ne kawai. Da Tolkien ya zo rubuta The Lord of the Rings, zoben ya zama abin da ke cin zuciyar duk wanda ya rike shi, da wuya a samu mai bayar da shi da son rai balle Gollum da ya shekara kusan dari biyar da shi. Wannan babin na bugun farko ya zama karya ga sabon labarin. A bugun 1951 aka sauya babin, Gollum ya koma mai niyyar kisa, yana ihu yana tsine wa Bilbo yana kiransa barawo.

To ya za a yi da dubban mutanen da ke da tsohon bugun a gida? Wani marubucin shiru zai yi. Tolkien sai yace ai duka biyun suna nan a cikin duniyar labarin: na farkon shine karyar da Bilbo ya shara wa abokan tafiyarsa har ya rubuta a littafinsa don ya nuna zoben halaliyarsa ce, na biyun shine gaskiyar da Gandalf, matsafin nan abokinsa, ya matsa masa har ya fada. Kuma karyar da kanta ta zama hujja, don Bilbo mutum ne mai gaskiya, ganin ya yi karya a kan zoben na cikin abin da ya fara sa Gandalf zargin cewa wannan ba karamin zobe bane. A taron gidan Elrond, inda manya suka zauna shawarar yadda za a yi da zoben, har Bilbo ya nemi afuwar wadanda suka ji tsohon labarin daga bakinsa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai na jinjina, gyaran da ya zama masa dole ya mayar da shi wani bangare na labarin, kuma ya yiwu ne kawai saboda tun farko ya dora labarin a bakin mutumin da zai iya karya.

Sai dai inda masu gardama ke rikicewa, ba duk rashin sani ne iri daya ba, su kuma suna zuba su a kwarya daya. Akwai abin da marubuci ya rufe da gangan. Tom Bombadil kenan, tsohon nan mai waka a daji da ya sa zoben a yatsa bai bace ba, ya kuma ga Frodo lokacin da Frodo ya sa shi, wanda a taron Elrond aka kawo shawarar a bashi ajiyar zoben Gandalf yace zai manta da shi ne ko ya jefar. Shekara da shekaru ana rubutu a kan ko waye shi, wasu suce mahaliccin duniyar ne ya boye kama, wasu suce ruhin kasa ne, alhali Tolkien ya rubuta a wata wasika a 1954 cewa ko a zamanin almara dole a samu abubuwan da ba a warware ba, kuma Bombadil daya ne daga ciki, da niyya. Duk wanda ya zo maka da amsar karshe a kan Bombadil nasa ne ya kawo.

Daban yake da maganar matsafan nan biyu masu shudin kaya. An ce su biyar aka aiko, mun san Gandalf da Saruman da Radagast, sauran biyun sun yi gabas ba a kara jin duriyarsu ba. A wata wasika ta 1958 Tolkien yace shi kansa bashi da cikakken sani a kansu, yana dai tsoron sun gaza kamar Saruman, kila ma su suka kafa kungiyoyin tsafi a can. Can kusa da rasuwarsa a 1973 kuma ya rubuta wata takarda da ta juya maganar, ya basu wasu sunaye daban, yace sun zo tun da wuri kuma sun yi babban aiki wajen raunana rundunar gabas. Wanne ne gaskiya? Duka biyun hannunsa ne, ba kuma wanda ya buga a littafi yana raye. A nan babu wata amsa da aka boye a akwati, mutum ne yake ta tunani har ajali ya riske shi bai gama ba.

Mafi nauyi a cikinsu asalin Orc ne, wato miyagun halittun da ke yi wa mugu yaki, kuma ina ganin mu Musulmi zamu fi saurin gane abin da ya daure masa kai. A tsarin duniyarsa mugu baya iya halitta, sai dai ya bata abin da aka halitta. To daga ina wadannan halittu masu magana da wayo suka fito? The Silmarillion, wanda dansa Christopher ya hada ya fitar a 1977, yace Elf ne, wato kyawawan halittun nan da ba sa mutuwar tsufa, aka kama aka azabtar har suka lalace, amma ku lura da yadda aka fade shi, an jingina maganar ne ga masu hikima na wani tsibiri, an ce haka suke ganin abin yake, tare da cewa ba wanda ya shiga ramukan da aka yi abin ya gani. Shi kuwa Tolkien bai samu natsuwa da amsar ba, don in asalinsu Elf ne to suna da rai mai hisabi, in suna da shi to ana iya shiryar da su, in ana iya shiryar da su to yaya jarumai ke karkashe su ba tambaya. Takardunsa da aka buga a 1993 sun nuna ya gwada cewa daga mutane suke, ya gwada cewa dabbobi ne da aka koya wa magana, bai tsaya a kan daya ba. Wannan jinginawar ga masu hikima ita ta ceci littafin, don ta bar kofa a bude. Amma shiga shafukan masoya a intanet ka gani, an goge "masu hikima suna ganin", an bar "Orc Elf ne da aka lalata", yaro ya haddace ya zo majalisa yana buga kirji.

Me ya sa marubuci zai so hakan tun farko? Tolkien ya ba da amsarsa a wata wasika ta 1963, inda ya nuna shakkarsa kan fitar da tsofaffin labaran, yace wani bangare na dadin littafinsa shine hango babban tarihi daga nesa, kamar hasumiyoyin birnin da baka je ba, zuwa wurin kuwa na iya kashe dadin sai in an sake hango wani nesan daga can. Ni zan kara da nawa: duniyar da mai ba da labari ya san kowane lungu nata karama ce, girmanta bai wuce kan mutum daya ba. Da Gandalf ya dawo daga karkashin ramukan dutsen Moria yace akwai wasu abubuwa marasa suna a can kasa da ko Sauron, babban mugun labarin, bai san su ba kuma ba zai ba da labarinsu ba, layi biyu ne kacal, amma sun kara wa duniyar zurfin da babi guda na bayani ba zai kara ba.

Yanzu kuma kar ace na zama mai kare marubuta ido rufe. Dabarar tana da saukin zama mafakar malalaci. Mutum ya manta abin da ya rubuta a littafi na daya, ya saba masa a na uku, masu karatu su kama shi, sai yace ai mai ba da labarin ne ba abin dogaro ba. Ni ma'aunina biyu ne kuma bana jin suna da wuya. In an ce mai ruwaya ya yi karya ko ya yi kuskure, to a nuna min dalilinsa a cikin halinsa, Bilbo zobe ne ya ci zuciyarsa, Orwyle wuyansa yake karewa, amma kuskuren da ba wanda ya amfana da shi a cikin labarin na marubuci ne, ya karbi kayansa. Sannan abin da aka rufe kar ya zama shine ginshikin da aka sa ni na bi littafi dominsa. Rashin sanin asalin Bombadil bai hana ni komai ba, da ace an kai karshen labarin ne, wanda duk tafiyarsa don a narkar da zoben ce, aka ce wasu sunce zoben ya narke wasu sunce bai narke ba, da wannan cin amana ne. Ko Martin din ma akwai wuraren da nake jin ya yi yawa, sai ya jero ruwaya uku a kan abin da bai kai ya kawo ba, ka ji kamar so yake ya saka batsar Mushroom ya kuma ce ba shi ya fada ba.

Fim kuwa bashi da wannan damar sosai, don kyamara dole ta tsaya a wuri daya ta nuna abu daya. Shi ya sa masu shirin suka zabi Larys. Shi ya sa Laenor mijin Rhaenyra, wanda a littafi aka kashe shi a kasuwa ana ta sabani kan dalili, a shirin aka nuna mutuwar karya aka shirya ya tsere a kwalekwale. Mutuwar Lucerys dan Rhaenyra ma a shirin an nuna dodon da Aemond kanin Aegon ke hawa ne ya ki jin umarni ya kashe shi, abin da ba wani mai tarihi a kasa da zai iya sani tunda a sama cikin hadari abin ya faru. Wasu na cewa shirin shine ainihin abin da ya faru, littafin kuma jita-jitar da ta biyo baya. Ni ban karbi wannan ba, shirin ruwaya ta hudu ce da ta zo da kudi da hotuna masu kyau, kuma akwai wuraren da ya saba wa abin da duk masu ruwayar littafin suka hadu a kai, kamar shekarun Alicent, matar uban Rhaenyra, da aka mayar sa'ar Rhaenyra alhali a littafi ta girme ta sosai. Maganar wane labari ne na asali a hannun kamfani kuma ai mun ga yadda take, a 2014 masu Star Wars suka wayi gari suka ce tarin littattafan da aka yi shekaru ana bugawa duk sun koma tatsuniyar gefe, don su samu filin yin sabbin finafinai.

Inda abin ya fi damuna shine namu littattafan yaki da bokaye da aljanu, wadanda ake kawo mana daga Kano ko muke saurara a waya ana karantawa. Ina son su, da su da yawanmu muka koyi karatun Hausar boko a nan Zango. Amma mai ba da labari a cikinsu ya san komai da komai, ya san shekarun aljani har da watanni, ya san adadin kawunan dodo da tsawon kowane hakori, ya san abin da boka ke rayawa a zuci da abin da zai faru bayan shekara arba'in, ba ya taba cewa mutanen birnin kaza suna fadin kaza amma fataken da suka ratsa ta can sun musanta. Alhali kayan aikin na nan a gidanmu, labarin Bayajidda kadai ka bi shi daga Daura zuwa Gaya zuwa Borno zaka ji yadda bakuna ke sabawa kan waye shi da kuma wace ce ta haifi wa, ga marokan fada da kowanne ke daga gidan da ke ciyar da shi. Marubucin da zai ba mu yakin birni biyu daga bakin marokin sarkin da ya ci, sannan a littafi na biyu ya dauko wata tsohuwar baiwa daga birnin da aka kona ta ba da nata, ni dai zan biya sidi na in saya ko nawa ne.